Azumin da Muka Yashe Rijiya

Bana azumi ya sake faɗo mana a tsakiyar bazara. Nan Kalgo, tun ƙarfe tara na safe kwanon ɗakin shan magani yake fara ƙara kamar ana jifarsa da tsakuwa, ni kuwa in jawo kujerata bakin ƙofa ina neman iskar da babu ita. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kula da lafiyar 'yan mata a wata makarantar kwana a garin nan. Daga inda nake zaune ina hango su sun yi layi a bakin famfo, kowace da bokitinta, suna ƙorafin ruwan tanki ya yi zafi ba ya wankuwa. Gaskiya suka faɗa, ya yi zafi, kuma ba na ce musu komai. Sai dai an ce azumi yakan yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo ya tarar da lokacin da ya bari. Wancan karon da ya tarar da bazara ina da shekara goma sha biyar, ina zaune a gidan marayu a bayan garin Gwandu, kan hanyar da ta nufi Dodoru.

Sunana Hauwa'u, amma Kulu ake ce mini. Mahaifiyata ta rasu wajen haihuwar ƙanena, shi ma bai yi kwana biyu ba ya bi ta, mahaifina kuma ya bi bayansu da shekara uku. Na zaga hannun dangi har gida huɗu, kowa ya riƙe ni iya ƙarfin rumbunsa. Daga ƙarshe wani kawuna ya kai ni gidan marayun, ya ce zai riƙa leƙowa. Sau biyu ya leƙo. Ban riƙe shi a zuci ba, shi ma baki tara yake ciyarwa.

Gidan na 'yan mata ne zalla, daga mai shekara goma sha biyu zuwa sama, ƙanana wani gida daban ake kai su. Mu talatin da shida ne a lokacin. Dogayen ɗakuna uku ne masu rufin kwano, da ɗakin girki, da makewayi can ƙurya, sai rijiya ɗaya a tsakar gida kusa da wata tsohuwar darbejiya. Mai kula da mu Mama Rahila ce, Kirista daga ƙasar Zuru, doguwa mai saurin tafiya, wadda ba ta iya faɗa ba sai kallo. Mai dafa mana abinci kuwa Inna Hajo ce, 'yar cikin garin Gwandu, gajeriya mai faɗan tsiya, wadda in ta zage ki da safe za ta ƙara miki tuwo da yamma. Sai aminiyata Luba, wadda aka kawo daga wajen Ceberu. Tabarmarmu ɗaya da ita. Siririya ce, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu.

Azumi a gidan nan yana da tsarinsa. Inna Hajo ta buga murfin tukunya mu tashi sahur, ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, wata rana kunu kawai. Mu yi sallar asuba, mu share gida, mu yi wanke-wanke. Makaranta ta ba da hutu tun a makon farko, don haka yini muke a gida. Kafin azahar ƙasa ta zama garwashi, mara takalmi sai ta bi inuwar bango da gudu. Ɗakunan ba sa shiguwa. Mukan baje tabarmi ƙarƙashin darbejiya mu kwanta kamar an yi mana duka, ba mai magana, yawu ya yi kauri a baki, ƙudaje ma sun gaji da tashi. Da la'asar a yi surfe da daka. In aka kira magariba kowace ta karɓi moɗar kunun tsamiya, ranar Juma'a a haɗa mana da ƙosai bibbiyu.

Daminar da ta gabata ba ta yi kirki ba, kuma tun kafin a ga wata rijiyarmu ta fara ja da baya. Muka ƙara igiya, muka sake ƙarawa. Ranar azumi na biyar guga ya fara fitowa rabi, ruwan ja kamar an dama ƙasa. Kafin na goma, in kika zura guga sai ki ji ya faɗa tim a kan laka.

Daga nan muka koma ɗibar ruwa a fadama, wajen masu lambun albasa, tafiyar da ta kusa awa guda. Mutanen kirki ne, amma su ma ramukansu sun ja, sai sun gama ban ruwa suke barinmu mu kwashi abin da ya taru. Mukan tafi da sassafe, tulu a ka, mu dawo rana ta fara cizo. Mama Rahila ta raba ruwan kashi-kashi: na sha da farko, sai na girki, abin da ya rage na tsarki. Alwala ta koma taimama. Wanka sai bayan kwana huɗu, shi ma rabin bokiti. Ƙurajen zafi suka feso mana a wuya da baya, ƙazuwa ta shiga tsakanin yatsu ta bi ɗaki ɗaya ta tsallaka na biyu. In aka kwanta ba ki jin komai sai ƙarar susa. Ɗakunanmu suka ɗauki wani irin wari da har yau in na ji mai kama da shi sai in tuna gidan nan.

Akwai kuma abin da ba a faɗa. Gidan da ke da 'yan mata talatin da shida, ba ranar da za ta fito ta faɗi babu masu al'ada a cikinsu. Yau audugar mata tana nan a kowane shago, ni kaina akwai ta cike da kabad a ɗakin shan maganina. A lokacin ƙunzugu muke yi da tsohon zane, shi kuwa sai da wanki, wanki kuwa sai da ruwa. Ko lokacin da ruwa ke akwai a ɓoye ake wankewa, a shanya ƙarƙashin tabarma don kada a gani. Da ruwa ya yanke sai aka koma cusa su a tsakanin kwano da bango, a sake ɗaukowa a yi amfani da su haka nan. Da yawa cikinmu suna tafiya a tale saboda ƙuna da ƙaiƙayi, kowace ta ce ƙurajen zafi ne.

Ban da wannan, tun da na zo gidan ban taɓa ganin wadda ta ci abinci da rana a cikin azumi ba. Wadda lokacinta ya zo takan tashi sahur tare da kowa, ta yini da yunwa tare da kowa, in an tashi salla ta ce ta riga ta yi. Dalili kuwa, in aka gane ki sai an yi mako ana yi miki waƙa ana cewa an girma. Ba mu da uwayen da za su zaunar da mu su gaya mana. Ni abin da na sani a bakin Luba na ji, ita kuma a bakin wata da ta bar gidan. Mama Rahila ta daɗe tana zargi, amma daga baya ta gaya mini tsoro ya hana ta magana, kada a ce Kirista ta sa marayun Musulmi karya azumi.

Luba jininta ya zo tun farkon azumi ya ƙi tsayawa. Kwana bakwai, kwana goma, yana nan. Ni kaɗai na sani. Leɓunanta suka yi fari, tafin hannunta ya koma kamar takarda, in ta tashi tsaye sai ta dafa bango. Na ce mu gaya wa Mama, ta ce in na buɗe baki ba ni ba ita har abada. Na yi shiru. Wannan shirun yana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu har gobe.

Ranar azumi na goma sha uku muna dawowa daga fadama, tana gabana, sai na ga tulun kanta yana rawa. Kafin in kira sunanta ta zube. Tulun ya fashe, rairayi ya shanye ruwan kafin ƙiftawar ido, har wasu cikinmu suka fara kukan ruwan kafin su lura ba ta motsi. Wani mai lambu ya sauke buhunan albasa daga amalanken jakinsa ya ɗora ta. Na bi gefen amalanken da ƙafa, na riƙe mata ɗankwalina a saman fuska don rana, har asibitin cikin gari. Mama Rahila ta iske mu can, ko takalmi ba ta daidaita ba.

Ma'aikaciyar jinya ta ja fatar idon Luba ƙasa ta duba, ta juya tafin hannunta, ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ruwan jikinta ma ya ƙare. Ta tambayi ko tana zubar da jini, tun yaushe. Mama ta juyo ta dube ni, irin kallon nan nata. Na faɗi komai. Aka sa wa Luba ƙarin ruwa, aka ce za a riƙe ta.

Da muka fito, Mama ta tsaya a inuwar bangon asibitin.

"Kulu, su nawa ne kamar ta?"

"Ban sani ba, Mama. Amma ba ita kaɗai ba ce."

Muka kama hanyar gida.

Bayan kwana biyu wani jami'i ya zo a kan babur daga ofishin da ke kula da gidan. Ba mugu ba ne. Ya leƙa rijiya, ya shiga ɗakunanmu ya fito da hankici a hanci, ya duba hannayen wasu cikinmu. Muna maƙale a jikin taga muka ji yana gaya wa Mama cewa in har aka yi salla babu ruwa a gidan nan, dole a rufe shi. Masu dangi a mayar wa danginsu, marasa kowa a rarraba su wasu gidaje a wasu garuruwa. Ni na san gidajen dangina ɗaya bayan ɗaya, na kuma san babu inda ake jirana. Haka yawancinmu.

Da aka sha ruwa ranar, tun da sauran haske, Mama ta tara mu gindin darbejiya. Ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce akwai wani tsoho mai haƙar rijiya a Dodoru, Baba Manu, ya yarda zai zo ya yashe tamu ya ƙara mata zurfi. Sai dai 'ya'yansa da ke ja masa ƙasa sun tafi cin rani, shi kaɗai ne. In zai shiga, sai an sami masu ja. Ta tambaye mu ko za mu iya. Muka ce za mu iya, tun kafin ta rufe baki.

Sai Inna Hajo ta fito daga ɗakin girki da babban daro ta dire a tsakiyarmu. Tsummokaranmu ne, duk ta bi saƙo-saƙo ta zaƙulo su, ta dafa su da toka da sabulun salo, da ruwan da aka ware mata na wankanta. Kowace ta sunkuyar da kai. Na ɗauka zagi za mu sha, amma muryarta a ƙasa take.

"Ban san na wa da na wa ba, ban kuma son sani," in ji ta. "Amma ku saurara. Wadda duk ke cikin al'ada tad ɗauki azumi, ba ta da azumi, yunwa kawai tash sha. Allah ne yad ɗauke muku, ku mi ne naku na ƙin karɓa? Ku lissafa kwanakinku, ku rama bayan salla. Da ruwan ciki aka jan na rijiya. Daga gobe akwai tukunyar rana cikin ɗakin girki, wadda ba ta azumi ta zo ta ci."

Washegari Baba Manu ya iso a kan jakinsa, da diga da ƙaramar shebur da igiya mai kauri. Tsoho ne baƙi, busasshe, farin gemu, ba ya yawan magana. Ya gicciya gungume a bakin rijiya, ya ɗaura igiya, ya yi bisimilla ya sauka. Aikin haka yake: ya cika guga da laka ya girgiza igiya, mu shida mu ja, wasu su juye a ƙwarya su kai bayan katanga. Rabinmu suna wannan, rabi sun tafi fadama, don ba a daina sha ba. Muna farawa bayan asuba mu tsaya in rana ta ɗaga, mu koma bayan la'asar. Kowace safiya kafin a taɓa igiya Mama takan jera mu ta ja fatar idonmu ta duba, ta juya tafin hannu, yadda ta ga an yi wa Luba. Wadda ta ga ta yi fari sai ta tura ta inuwa tsinkar zogale. Ba ta karanta aikin jinya ba, amma ni a wurinta na fara koyo.

Lakar baƙa ce, mai wari, mai nauyi kamar gawa. A cikinta muka tsinci tsofaffin guguna, da moɗa uku, da takalmi wari ɗaya. Igiya ta cinye mana tafin hannu tun ranar farko, ƙuraje suka fashe, muka naɗe da tsumma muka ci gaba.

Tukunyar rana kuwa, ranar farko ba wadda ta kusance ta. Rana ta biyu ma haka. Inna Hajo ta juye abincin cikin na shan ruwa tana ƙunƙuni. A rana ta uku nawa lokacin ya zo.

Na tashi sahur kamar kullum, na ja igiya kamar kullum. Da rana ta take muka kwanta gindin darbejiya, ina kallon ƙofar ɗakin girki. Ina cikin manyan gidan, ni ke gaba a layin igiya, na san in aka yi mini waƙa zai fi na kowa ciwo. Amma in na rufe ido tafin hannun Luba nake gani. Na tashi. Daga darbejiya zuwa ɗakin girki bai fi taku ashirin ba, amma ya fi mini hanyar fadama nisa. Inna Hajo ta zuba mini faten wake da zogale ba tare da ta dube ni ba, ta nuna mini ƙuryar ɗaki. Ban shiga ƙurya ba. Na zauna a bakin ƙofa inda kowa ke ganina.

Wata ta yi 'yar dariya, Inna Hajo ta leƙo kai, dariyar ta mutu. Na fara ci. Ina loma ta huɗu ko ta biyar wata yarinya da ba ta fi wata uku da zuwa gidan ba ta taso, tana tafe tana kallon ƙasa, ta zauna kusa da ni. Na tura mata kwanon tsakaninmu. Can sai ga wasu biyu. Ranar ba a yi wa kowa waƙa ba, kuma daga ranar tukunyar ba ta sake kwana da abinci ba.

A kwana na biyar da fara aiki laka ta ƙare, muka ji digar Baba Manu ta yi wata irin ƙara, ƙwal. Ya fito jikinsa duk taɓo, ya zauna a kan gungume. Sannan ya gaya wa Mama, muna ji, cewa ya kai ga marmara, dutsen nan ja da ke ƙarƙashin ƙasa. Ruwa yana ƙarƙashinsa, amma bai san kaurinsa ba, yana iya zama kwana uku, yana iya zama wata. Kuma wani lokacin ruwan da ke ƙarƙashin irinsa zartsi ne, mai gishiri, ba ya shawuwa. Ya dube mu, ya dubi hannayenmu.

"Ɗiyana, in kun gaji ba laihi. Kun yi abin da maza ka yi."

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. "Baba, in kai ba ka gaji ba, mu ba mu da inda za mu."

Ya gyaɗa kai, ya ce a kai digarsa maƙera a yi mata baki.

Ranar aka sallamo Luba. An hana ta azumi har sai jininta ya dawo, an ce ta riƙa cin wake da ganye da hanta. Wani mahauci na unguwar da ya ji labari yakan aiko mata da 'yar hanta a ganye in ya yi yanka. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ta juya mini baya a kan tabarma. A na uku ina zaune ina kwance tsumman hannuna da ya manne da ciwo, ta zo da man kaɗanya ta kama hannun ta fara shafawa. Ta ce an gaya mata na ci abinci a bakin ƙofa. Na ce haka ne. Ta rufe baki da hannu ta yi dariya, ta ce ashe ba ni da kunya. Shi ke nan muka shirya.

Kwanakin marmara sun fi na laka wuya. A da guga yana fitowa cike, ki ga aikinki. Yanzu sai Baba Manu ya daɗe yana sara kafin ya aiko da 'yan ɓaraguzan jan dutse, busassu ƙayau. Zafin cikin ramin ya sa ba ya iya daɗewa, sai mu jawo shi ya sha iska ya koma, kuma da azuminsa. Sau biyu hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, ya yi baƙi, iska ta taso har muka fito da tukwane da daro muka jera. Ya watse ko ɗigo bai ba mu ba, ya bar gari ya fi da zafi. Wasu suka fara ɗaure 'yan kayansu a ɓoye. Amma da asuba kowace tana kan layinta, har masu ɗaurin kayan.

Ranar azumi na ashirin da bakwai Mama ta tafi ofis roƙon a ƙara mana kwanaki. Ni na riga na koma azumi. Da hantsi, muna shirin tsayawa, muka ji ƙarar digar ta sauya, ta daina ƙwal ta koma dum. Igiya ta girgiza. Muka ja, sai ga ɓaraguzan dutse jiƙe. Muka sake ja, sai ga ruwa a gindin guga, ja, bai fi cikin moɗa biyu ba. Wasu suka fara tsalle, Baba Manu ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce a dakata. Ya jira ruwan ya ɗan taru, ya cika guga, sannan ya ce a jawo shi.

Ya juye ruwan a ƙwarya ya ajiye a inuwa ya kwanta. Muka kewaye ƙwaryar, mu fiye da talatin, baki a bushe, ba mai numfashin kirki. Ya ce ba a san ko an yi nasara ba sai an ɗanɗana, in zartsi ne aikinmu ya tashi a banza. Shi yana azumi. Ya ce a aika cikin gari a samo wani ƙaramin yaro.

Kafin a ce wa za a aika, Luba ta tashi daga kan tabarmarta ta ɗauki moɗa. Tana isa bakin ƙwaryar sai ga wata ta fito daga cikinmu ta tsaya bayanta, sai wata, sai wasu biyu. Su biyar. Baba Manu ya dube su sau ɗaya, ya juya baya ya kama naɗe igiyarsa kamar babu abin da ya fi wannan muhimmanci a duniya.

Luba ta ɗiba a hankali daga sama, ta kurɓa, ta riƙe a baki. Muna kallon maƙogwaronta har ta haɗiye.

"Ba zartsi, Baba," ta ce. "Ƙasa-ƙasa yake, amma daɗi gare shi."

Ta miƙa wa ta bayanta. Kowace ta kurɓa ta ce haka ne. Inna Hajo ta rangaɗa guɗa, abin da ban taɓa jin ta yi ba, sannan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Mama ta dawo bayan la'asar, a ƙafa daga tasha, kuma tun daga ƙofa fuskarta ta nuna ba a ƙara mana ko kwana ɗaya ba. Baba Manu ya riga ya tafi, ruwa ya taso har ya kai a zura guga a ji tsulum. Ta tarar mun ɗaura igiya daga darbejiya zuwa ɗakin girki, tsummokara wankakku shanye a kai, a fili, rana tana dukansu. Ta tsaya ta dube su. Ta wuce ta leƙa rijiya, ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago ta tambaya wa ya ɗanɗana. Hannu biyar suka tashi.

"To," ta ce, "ku biyar ku je ku ci abinci. Sauran ku yi haƙuri, magariba ta kusa."

Jami'in ya dawo bayan salla da kwana uku. Ya ja guga da hannunsa, ya sha, ya duba yatsunmu ya ga ƙazuwa ta fara bushewa, ya hau babur ɗinsa. Ba a rufe gidan ba. Na ƙara shekara uku a cikinsa kafin in tafi karatun aikin lafiya. Luba ta warke sarai, yanzu tana Ceberu da 'ya'yanta da jikoki biyu.

Ruwan sama bai sauko ba sai bayan salla da kusan kwana arba'in. Da damina ta kankama, gari ya yi sanyi, ganyen tafasa ya rufe bayan katanga inda muka zubar da laka, Inna Hajo ta ce duk mai ramuwar azumi ta faɗi kwanakinta. Ni shida ne, Luba nata suna da yawa. Ta sa mana ranar Litinin mu fara ramawa. Da ta buga murfin tukunya ana yayyafi a kan kwano, na tashi ina tsammanin mu uku ko huɗu ne kawai za mu fito. Mu goma sha tara muka zauna sahur, har tuwon bai ishe mu ba, sai da ta sake ɗora tukunya.